Malam Garba da Rigar Kwamfuta

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji tsayuwar kabu-kabu a ƙofar gida. Ɗiyata ta fari ce ta shigo, da katin wurin aikinta rataye a wuya, a lokacin da ya kamata a ce tana ofis. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Inna, Kawu Garba ya rasu. Yanzu anka bugo mini waya daga Argungu." Na ajiye tiren a ƙasa, na ce na Allah muke kuma gare shi za mu koma. Na san yana kwance mako uku, na kuma yi niyyar zuwa dubiya ranar Juma'a. Juma'ar ba ta riske shi ba. Duk wanda ke da mara lafiya ya je ya duba shi yau, kada ya yi irin lissafina.

Ba mu haɗa jini da Malam Garba ba. Aiki ne ya haɗa mu tun a Sakkwato, ina buga tafireta, shi kuma yana gyara ta. Da aka ba mu jiharmu, mota ɗaya ta kwaso mu zuwa Birnin Kebbi tare da kabad-kabad na fayil da kujeru, muka fara aiki a wani gida da aka mayar ofis, tebur ɗaya mutum uku. Ɗan masunta ne, a bakin ruwa ya tashi. Duk Juma'a bayan masallaci yakan hau babur ya tafi Argungu wurin iyalinsa, ya dawo Litinin da ƙunshin busasshen kifi, ya bi tebur-tebur yana rabawa, ya fara da masinja kafin ya kai ga shugaban sashe. Da maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu, Malam bai taɓa shigowa gidana ba, amma bai taɓa barin Litinin ta wuce ba tare da kason marayu ya iso zaure ba. Tun daga nan yaran suka riƙe shi Kawu.

Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi ya haura shekara arba'in. Matasan da suka fito makaranta suna yi masa dariya, wai mai man tafireta zai koyi aikin bature. Ya nemi littattafan da ke zuwa cikin kwalin na'urar, ya ajiye ƙamus a gefe, yana bi layi-layi. Kafin shekara uku, masu dariyar ne ke tsaye bayan kujerarsa suna leƙe.

Yana da ɗabi'u a wajen aiki da ban ga irinsu wurin masu gyara na yanzu ba. Ba ya taɓa na'ura sai ya wanke hannu ya yi bisimilla. Ba ya buɗe takardar da mutum ya ajiye a ciki, ko da aikin ya kai shi kusa da ita; yakan ce, "Gyara anka kira ni, ba a kira ni karatu ba." Yana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango, kowace kwamfuta da shafinta, inda yake rubuta abin da ya tarar da abin da ya yi mata. In kuma mai na'ura ya fara gaggawa, sai ya ce mahaifinsa ido-ido yake bin komarsa ta kamun kifi in ta yage, bai taɓa ganin ya jefa ta ruwa don rana ta yi ba.

Akwai abu ɗaya da ya faru tsakanina da shi wanda na daɗe ina riƙe da shi a raina. Yanzu da ba shi, ina ganin haƙƙinsa ne a sani.

Da na bar aikin gwamnati na kama wani ɗan shago a Gwadangaji, na sa kwamfuta ɗaya da firinta, ina buga wa ɗalibai da 'yan kasuwa takardu. Malam ne ya zaɓo mini na'urar, shi ya koya mini ita, tun daga kunnawa. A shekarar ne ɗiyata ta gama sakandare. Ni ba na kiran sunanta, kamar yadda uwata ba ta kira nawa ba, amma shi Malam, Kulu yake ce mata. Ta fara zama shago tana taimaka mini, hannunta kuma ya fi nawa sauri. Ta ƙwallafa rai a kan karatun kwamfuta a makarantar fasaha, har ta karɓo fom ta cike. Abin da ya rage sa hannuna, tunda ni ce uwa ni ce uba.

Ana cikin zafin bazara sai na'urar ta fara nauyi. Da safe lafiya lau, amma kafin sha ɗaya sai ka buga harafi ka jira ya fito. Ka buɗe takarda, ta tsaya tana tunani kamar tsohuwa a bakin titi. Wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya, aikin mutane ya tafi. Ana haka, wata rana na dawo daga alwala na tarar da yarinyar tana jan katunan karta a fuskar na'urar, wani wasa ne da yake zuwa a ciki. Ta ce hannunta take gwadawa da ɗan linzamin kwamfutar. Ban saurare ta ba. Ni a gidan da na tashi, karta ta 'yan caca ce, kuma har gobe ba na son ganinta. Na haɗa biyu da biyu nan take: ga wadda ta ɓata mini na'ura. Na ce kada ta ƙara taɓa ta. Na ɗauki fom ɗin na ninke na saka a jakata, na ce wadda ba ta iya riƙe amanar kwamfuta ɗaya ba ba za ta je ta karanta kwamfuta ba. Ranar Laraba ce. Litinin mai zuwa za a rufe karɓar fom.

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Inna, sau biyu kaɗai na yi." Na ce sau biyun ma ya isa.

Na aika wa Malam, ya zo da ya tashi ofis. Kafin ya iso na share shago, na goge tebur, na gyara komai kamar yadda ake yi in baƙo zai zo. Ya zauna ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya duba ko rumbun ajiyar ya cika, ya tarar da sauran wuri. Ya kashe wasu abubuwa da ke tashi tare da na'urar ba gaira ba dalili. Ya sa faifan da ke farautar cuta, ya kamo guda biyu da suka shigo ta ƙananan faifan da ɗalibai ke kawowa. Ya yi awa biyu a kanta tana gudu kamar sabuwa. Ya ce, "Hajiya, ni dai ban ga ciwon da kike faɗi ba, amma mu gani gobe."

Washegari kafin azahar ta koma gidan jiya.

Na sake aika masa, raina a ɓace. Na ce abin da yarinyar nan ta saka ya yi saiwa a ciki, a wanke na'urar gaba ɗaya a sake zuba mata komai. Ya ce wasan kartar tare da na'urar ya zo, ba ya cin komai. Na ce ni dai a wanke. Ya ce to. Amma ya ƙi farawa ranar, sai da ya kwashe duk aikin mutane zuwa faifai, ya rubuta suna a bayan kowane. Ya ce, "Ba a zuba ruwa a ɗaki sai an fitar da tabarma." Maganarsa ce, kullum yakan faɗe ta in zai wanke na'ura.

Ranar Juma'a ya ɗage tafiyarsa gida saboda ni. Bayan masallaci ya zo da jakar faifansa. Ya dubi yarinyar da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce, "Kulu, zo ki riƙe mini littafi." Na ce ai na hana ta. Ya ce, "Na'ura kinka hana ta, ba biro ba. Idona ya fara gajiya." Na ƙyale don girmansa.

Ina zaune ina kallo ya shafe komai, fuskar na'urar ta yi baƙi. Ya saka babban faifan da ke ɗauke da uwar manhajar, wadda komai ke hawa kanta. Da ta tashi, rubutun ya fito manya-manya, launi ya dushe, firinta ta ƙi amsawa, sauti babu. Na tsorata. Ya yi dariya ya ce haka take yi, ta manta gaɓoɓinta ne, sai an sake gabatar mata da su. Ya saka faifan allo, ya kashe ya kunna. Ya saka na firinta, ya kashe ya kunna, ya buga shafin gwaji. Ya saka mai tsaron cuta kafin ya yarda wani faifai na waje ya shiga. Sai manhajar rubutu, sai a ƙarshe ya mayar da aikin mutane. Duk abin da ya saka, sai ya sa yarinyar ta rubuta sunansa da lokacin, ya kuma tambaye ta me take ganin zai biyo baya. Na lura tana faɗa daidai, amma na yi kamar ban ji ba.

Na gaji da kashewa da kunnawa, na ce, "Malam, ba za a zuba su gaba ɗaya a huta ba? Rana na yi, ga hanya gabanka."

Ya ce, "Ɗaya-ɗaya, Hajiya. In ta yi tari mu san mi ta ci."

Ya gama bayan la'asar, ya hau babur ya kama hanyar Argungu. Kafin ya tafi ya ce a hankali, "Batun fom ɗin hwa?" Na ce yana nan inda yake.

Ranar Asabar ni kaɗai na buɗe shago. Na bar yarinyar gida da wanki, makulli kuma a ƙugun zanena ya kwana. Na mayar da komai yadda na saba, na fara aiki. Kafin sha ɗaya na'urar ta fara jan ƙafa. Na zauna ina kallonta. Babu karta, babu cuta, babu yarinya. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce wataƙila na yi kuskure. Ni ban ce ba. Na ce ɓarnar da aka yi ce ta kai ga ƙarfen. Na je tasha na ba wani direba saƙo ya kai wa Malam.

Lahadi da safe, ban zata ba, sai ga sallamarsa. Ya baro ban ruwan albasarsa ya taho. Na yunƙura zan tashi in gyara wuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Zauna. Kar ki taɓa komai. Tun daga Argungu nike tambayar kaina, mi ke fita shagon nan in na shigo, ya dawo in na fita." Ya duba tebur, ya duba bango, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur inda akwatin na'urar yake. Ya daɗe a durƙushe.

Ya ce, "Hajiya, wagga riga hwa?"

A makarantar koyon buga tafireta an koya mana cewa mai aikin kirki ba ta barin injinta tsirara. Shekara ashirin ina rufe tafireta, ba a taɓa samuna da injin datti ba. Don haka da na mallaki tawa na'urar, na sayi atamfa mai kyau, na sa mata soso a ciki, na ɗinka mata riga da hannuna har da leshi a baki, ta rufe akwatin ruf, gaba da baya, sai 'yar kafar wayoyi. Tafireta in za a yi aiki ake buɗe ta. Shi kuwa akwatin nan ba a buga komai a jikinsa, sai na ga babu dalilin tuɓe shi. Amma duk ranar da Malam zai zo, cikin gyaran wuri nakan cire rigar in ninke in ajiye, kamar yadda ake buɗe wa baƙo kwano. Bai taɓa ganinta ba. Na gama ɗinkinta ne a makon da yarinyar ta fara zama shago.

Ya ce in sa hannu ƙarƙashin rigar. Na sa, na janye. Kamar murfin tukunya.

Ya ce, "Tuwon sahur kinka rufe ko na'ura? Tana da fanka a baya, da ita take numfashi. In zafi ya yi mata yawa sai ta rage gudu don kar ta ƙone. Ceton kanta take yi."

Na ce to a cire. Ya ce za a cire, amma sai an gwada, kada a zalunci riga ita ma. Ya tuɓe ta, ya bar na'urar ta huce, muka yi aiki awa guda tana gudu. Ya mayar mata da rigar, muka zauna. Kafin rabin awa ta fara nauyi. Ya sake cirewa ta dawo. Sai ya buɗe littafinsa ya rubuta.

Bai yi mini dariya ba, bai kuma ce ai na faɗa miki ba. Ya rufe littafin ya ce, "Hajiya, haƙƙin yarinyar nan na kanmu mu biyu. Ke kin zarga, ni kuma na wanke na'urar da ba ta da laifi don in huta da musu. Da na zauna na ga yadda kike aiki tun ranar farko, da ba a kai nan ba."

Muna haka ta shigo da furar da na ce a kawo. Dattijo mai furfura ya dubi yarinya 'yar shekara sha takwas ya ce, "Kulu, ki yafe mini. Ina ji ana ɗora miki abin da ban bincika ba, na yi shiru." Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, Kawu. Ya juyo ya dube ni, ya bar mini wuri. Na buɗe jaka na ciro fom ɗin, na miƙar da shi da tafin hannu, na sa hannu, na tura mata. Na ce, "Gobe ki kai da wuri." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Da zai tafi ya ce in ba shi rigar, sirdin babur ɗinsa na ƙona shi in ya ajiye a rana. Na ba shi.

Yarinyar ta yi karatunta ta gama, yau ita ke kula da kwamfutocin wurin aikinta, kuma har yanzu ɗaya-ɗaya take saka manhaja. Ni kuma na'urar nan ta yi mini shekaru ba ta ƙara nauyi ba. Amma Malam bai bar maganar ba. Duk sanda muka haɗu, bayan gaisuwa da tambayar yara, sai ya ce, "Kin faɗa mata?" In ce ai na sa hannu. Ya ce sa hannu daban, faɗa daban. Wata rana na ce masa uwa ba ta roƙon ɗiyar fari gafara, ko sunanta ba na kira. Ya ce, "Kunya ta hana ki kiran sunanta, amma ba ta hana ki ɗora mata laifi ba." Na yi fushi da shi wata biyu. Kifin Litinin bai fasa zuwa ba.

Ni mace ce mai tsanani, ban kuma yi nadamar tsananin ba. Da shi na raini marayu huɗu babu wanda ya lalace. Har yanzu ina cewa yaran zamani sun yi sakaci, kuma iyayen da ke sakar musu fuska za su yi bayani gaban Allah. Amma ina gaya wa iyaye mata 'yan uwana abin da na koya wurin mai gyaran na'ura: kafin ki yanke wa ɗanki hukunci, ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin teburinki. Saura kwana ɗaya in rufe wa ɗiyata hanya saboda ɗinkin hannuna.

Mun isa Argungu bayan an kai shi makwancinsa. Gidan cike, masunta da ma'aikata da ɗalibai a tabarma ɗaya. Za mu shiga wurin mata sai na ga babur ɗinsa jingine a zaure. A kan sirdin ga atamfata, ta koɗe har ba a gane zanenta, leshin ya zube, an yi mata faci biyu. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ga ina kallo, ta ce yaransa sun sha sayo masa sabuwar shimfiɗa yana ƙi, wai wannan tana tuna masa ya riƙa dubawa kafin ya yarda. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin littafin nan, ta miƙa wa ɗiyata, ta ce shi ya ce a ba ta.

A mota muna dawowa, mun wuce fadamun shinkafa, tana buɗe littafin shafi-shafi. Na ga ta tsaya a wani wuri, rabin shafin rubutun hannunta ne na wancan lokaci. Ban nemi ta karanta mini ba. Na ce, "Ke." Ta juyo. Na ce, "Ba ke kika ɓata kwamfutar nan ba. Ni ce. Na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba, ki yafe mini."

Ta rufe littafin. Sannan ta ce, "Inna, tun ranar da na ga rigar a bayan babur ɗin Kawu na sani. Na yafe tun ranar." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Amma ɗinkin ya yi kyau." Muka yi dariya mu biyu, a hanyar dawowa daga ta'aziyya, har direba ya dube mu ta madubi. Na so a ce Malam ya ƙara tambayata sau ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka Garba ya zo gare ka. Ya riƙe amanar mutane, ya rufe sirrinsu, ya tsaya wa marainiya a ranar da uwarta ta juya mata baya. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya kasance mai saurin neman yafiya. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi, ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bari a hannun yaran mutane ya riƙa isa gare shi. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ka tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa nawa. Mu da muka rage, ka ba mu ikon faɗin abin da ya kamata mu faɗa tun masu ji suna raye, ka sa mu cika da imani. Amin.